Gidan Haya da Damina

Da na tara 'yan kuɗi daga albashina na akawu, sai na gina soro huɗu a bayan gari, na zuba 'yan haya. Wata ya ƙare in karɓa in kashe, ina tsammani duk riba ce. Ban yi yaɓe ba, ban duba indararo ba. Da ruwan Agusta ya kankama, sai soro guda ya rufta, fitar matar mai haya ke nan da jaririnta. Allah ya kiyaye. Tun ran nan, kowace shekara nakan ware kuɗin wata biyu don gyara kafin damina. Duk mai son wannan sana'a ya sani, amanar rayuka ya ɗauka.