Babur Ya Ƙi Tashi a Illela

Ranar wata Lahadi da sassafe, ranar kasuwar Illela, na tarar da wani saurayi a bakin hanyar da ta nufi Ƙonni yana ta dukan kik. Boxer ne na hannu, ja, fentin tankinsa duk ya koɗe. Ana tsakiyar sanyin hunturu, amma gumi ya jiƙa masa riga. Kwana uku ke nan da ya saye shi don ya fara kabu-kabu, ga fasinjojin kasuwa suna wucewa a bayan wasu. Nan da nan aka taru. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce inji ya buga, wani ya ce a tura. Aka tura har sau biyu, ya yi tari ya sake mutuwa.

Wani dattijon bakanike mai rumfa a nan kusa ya taso.

"Samari, mi yas same shi?"

"Wallahi Baba, jiya lafiya lau na aje shi."

Abin da ya tsayar da ni shi ne bai ɗauko sifana ba. Sai ya girgiza babur ɗin, ya kasa kunne a jikin tanki. Ya duba makunnin mai, ya zare tiyo, fetur ya zubo. Daga nan ya kwance 'yar ƙusar da ke gindin kabureta, ya tara gwangwanin madara. Da ya karkata gwangwanin a hasken rana, sai ga ɗigon ruwa kwance a ƙarƙashin man, tare da yashi mai laushi.

"Ina ka sha mai?"

"Na kwalba ne, Baba."

Duk wanda ya zauna a bakin iyaka ya san yadda aka saba da man kwalba. A watan Nuwamba na 2019, lokacin da iyaka ke rufe, hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, Illela kuwa tana ciki. Masu babura da yawa suka koma wajen 'yan bumburutu. Ban ce duk suna algus ba, akasarinsu neman halaliyarsu suke yi. Sai dai jarkar da aka wanke ba ta bushe ba, da mazurarin da ya wuni a cikin ƙura, sun isa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda kabureta ke zuƙa. Ƙofar da mai ke bi a cikinta kuwa kamar kafar allura take, ƙwayar yashi ɗaya ta toshe ta.

Ya wanke kaburetar, sannan ya koma kan wuta. Ya cire filogi, ya mayar masa da hularsa, ya jingina shi a jikin inji, ya ce wa saurayin ya buga kik. Wuta ta yi tartsatsi, shuɗiya. Wannan ya nuna kwayil da wayoyi lafiya, maganar batir kuma ta faɗi, domin galibin irin waɗannan babura kik na tayar da su ko batir ya mutu. Amma ya daɗe yana kallon bakin filogin. Baƙi ne wuluk, busasshe kamar gindin tukunya. Ya ce alamar mai ya yi yawa ne iska ta yi kaɗan. Da a ce baƙin yana da maiƙo, to, baƙin mai ne ke haurawa, ringi ya cinye, aikin ya zama na kuɗi. Aka buɗe gidan soson da ke tace iska, aka tarar ƙura ta daskare a jikinsa kamar yaɓen laka.

Daga ƙarshe ya toshe ramin filogi da babban yatsansa, aka sake buga kik. Iska ta ture yatsan da ƙarfi. "Injinka shina da sauran rai," in ji shi. Aka mayar da komai, aka ja cok, bugu na biyu ya tashi.

Mai, wuta, iska, sannan inji. Ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo, ya bar mai tsada a ƙarshe. A ganina nan ake gane bakanike mai amana, domin da ya ce a sauke inji, babu wanda zai musa masa a cikin taron nan, saurayin kuma da ya ci bashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin talaka, sai na hannu. Na hannun a wannan yanki kuwa ya sha wuya kafin ya zo gare ka. Ya ɗauki buhunan albasa, ya ɗauki awaki da jarkoki, ya bi rairayin hanyoyin ƙauye, kuma mai sayarwa ba zai ba ka wannan labari ba.

Saurayin ya ce ranar da ya saya, bugu ɗaya ya tashi. Dattijon ya tambaye shi ko ya taɓa jikin injin kafin a tayar. Bai taɓa ba. Inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa, shi ya sa wasu ke ɗumama shi kafin mai saye ya iso.

Don haka, ɗan'uwa, in za ka sayi babur na hannu, je ka da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka ji shi da sanyi, ka tayar da shi da ƙafarka. Ka sa a cire filogi ka ga bakinsa, ka dubi hayaƙin salansa, kafin ka ƙirga kuɗinka.