Ƙugiya da Baka: Kwanakina na Koyon Rubutu a Kwamfuta

Asabar

Yau babban ɗana ya aiko mini da tsohuwar kwamfutarsa daga Abuja, naɗe cikin bargo, ta hannun direban motar haya. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare a nan Katsina, goma na ƙarshe ina hedimasta, amma duk takardar da ta fita daga ofishina, in ba da hannu aka rubuta ta ba, to a tafireta aka buga ta. Da zamanin kwamfuta ya zo, sai dai a aiki yaro shagon buga takardu a biya. A haka na yi ritaya.

Jikata, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, ita ta kunna mini. Na zauna gaban abin nan har aka kira la'asar ban danna komai ba. Tsoro nake ji kada in taɓa wani wuri ya lalace.

Lahadi

Wani tsohon ɗalibina ya zo gaisuwa, ya tarar da ni ina kallonta. Ya ce, "Malam, kai da kullum kake kukan an daina rubuta Hausa daidai, ai ga wurin aiki." Nan take ya sa ni a wani zauren WhatsApp na masu rubuta Wikipedia ta Hausa.

Na yi sallama, na faɗi shekaruna, na ce ban iya komai ba. Kafin in ajiye waya amsa ta fara shigowa, daga Kano, daga Kaduna, daga Damagaram, har da wani daga Kumasi. Duk Baba suke ce mini. Wata malama daga Kaduna ta aiko da saƙon murya: "Baba, barka da zuwa. Kada ka ji nauyin tambaya, kowa a nan da ranar da ya fara. Gobe bayan isha'i in Allah ya kai mu zan kira ka."

Litinin

Ta kira kamar yadda ta ce. Minti arba'in muka yi, waya a jingine jikin kofi, ita tana faɗa ina dannawa. Yadda ake jan yatsa a kan ɗan faifan nan kibiya ta bi. Bambancin danna sau ɗaya da sau biyu, wanda ya ba ni wuya, don yatsana yakan yi jinkiri tsakanin na farko da na biyu. Yadda ake buɗe folda a sa mata suna.

Madannan ba baƙina ba ne. Jerin haruffan shi ne dai na tafireta, wanda kamfanin Remington ya fito da shi kasuwa a Amurka tun shekarun 1870. Ta ce in shafa F da J. Na shafa, na ji ɗan tudu a kan kowanne, inda manuniya take zama ko ido a rufe.

Sai ta ce in rubuta sunana in goge shi. Na goge. Ta ce in riƙe Ctrl in danna Z. Suna ya dawo. Na sake gogewa, na sake dawo da shi, ya fi sau biyar. A tafireta in ka yi kuskure, sai farin ruwan gyara, ko ka zare takarda ka faro daga sama. Wannan daren ne na fara sakin jiki.

Talata

Yau ranar ƙugiya ce. Na so in rubuta "ƙasar Hausa", abin da ya fito "kasar Hausa". Na duba madannan kaf, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Raina ya ɓaci, don wannan ciwo na san shi tun da daɗewa. Lokacin da muke buga takardun jarrabawa, sai an gama bugu sannan in zauna da biro in bi kowace k da d da b ina ɗora musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. In na tsallake guda, yaro ya karanta baki inda ake nufin baƙi, ko kafa inda ake nufin ƙafa. Masu cewa ai mai karatu zai gane daga ma'ana ba su taɓa tsayawa gaban yara sittin 'yan aji biyu ba.

Na kai kuka zaure. Wani matashi daga Kano ya aiko da hotuna huɗu, kowanne ya zagaye inda zan danna da jan layi, har na ƙara madannan Hausa a cikin saitin kwamfutar. Yanzu in na riƙe Alt na hannun dama na danna k, sai ga ƙ da ƙugiyarta. A waya kuma, in an zaɓi Hausa, riƙe harafin kawai ake yi ta ɓullo. Ya ce kowane harafi yana da lambarsa a wani tsari na duniya da ake kira Unicode, shi ya sa ƙ ɗin da na buga a Katsina ƙ za ta fito a Kumasi.

Daga nan hira ta ɓarke. Mutumin Damagaram ya ce su a Nijar ƴaƴa suke rubutawa, da y mai ƙugiya, mu kuwa 'ya'ya, da hamza a gaba. Aka yi ta ja cikin raha. Ni ma na sa baki, karo na farko da na ba da wani abu maimakon in karɓa: na tuna musu cewa rubutun boko na Hausa ya daɗe ana gyara shi, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka ƙwarai wajen zaunar da shi a idon jama'a. Wata yarinya ta ce, "Baba, don Allah ka riƙa ba mu irin wannan."

Laraba

Babu wuta tun asuba, batirin kuma tsoho ne, ba ya wuce rabin awa. Na zana madannan a bayan wata tsohuwar kalanda, na yi ta motsa yatsu a kai.

Alhamis

Malama ta buɗe mini asusu a Wikipedia, ta nuna mini shafin gwaji, inda mutum yake ɓata da gyara ba wanda zai ce masa don me. A nan aka fara koya mini alamomin tsara rubutu.

Abin a taƙaice shi ne, kana rubuta magana, kana kuma rubuta umarni a jikinta, amma mai karatu maganar kawai zai gani. In ka sa hamza uku gaban kalma da uku bayanta, kamar '''Katsina''', sai ta fito da kauri. Hamza biyu-biyu, ta kishingiɗa. Alamar daidai ta lissafi, biyu a dama biyu a hagu, ta mai da layi kanun sashe. Tauraro a farkon layi ya jera abubuwa. Kana gamawa ka danna wurin duba yadda zai fito, alamomin duk su ɓace, aikinsu ya rage.

Ban sha wuya a nan ba, kuma na san dalili. In zan ba magatakardan makaranta rubutu ya buga, nakan ja layi ƙarƙashin kalma, in rubuta "manyan baƙaƙe" a gefe, in sa alama inda sabon sakin layi zai fara. Ba ya buga alamomin, yana bin su ne. Malama ta ce asalin abin ke nan, daga alamomin da editoci suke yi wa masu jera haruffa a maɗaba'a aka gado shi. Wato magatakarda ne aka sa a cikin na'ura, sai dai shi wannan ba ya yi maka uzuri. In ka sa hamza uku a gaba ka manta na baya, zai yi ta kaurara rubutu har ƙarshen layi.

Juma'a

Baka mai kusurwa, biyu a buɗe biyu a rufe: [[Daura]]. Kalmar ta zama shuɗiya, ka danna ta kai ka shafin Daura. Na gwada da sunan ƙauyen da aka haifi mahaifiyata, sai ya fito ja. Na ɗauka kuskure na yi. Aka ce a'a, ja na nufin ba wanda ya rubuta komai a kansa tukuna. Na daɗe ina kallon jan sunan nan.

Matashin Kano mai son tarihi ne. Ya ce kalmar wiki daga harshen mutanen Hawai take, tana nufin sauri, kuma wani Ba'amurke, Ward Cunningham, shi ya fara irin wannan shafi da kowa zai iya gyarawa a 1995. Wikipedia kanta a watan Janairun 2001 aka buɗe ta. Ya ƙara da cewa alamomin da nake koyo sauƙaƙawa ce, a ƙarƙashinsu akwai wani harshen da ake kira HTML, wanda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, wajen 1990. Ya ce in na ƙware zai nuna mini. Na ce a bi ni a hankali.

Asabar

Yau na yi ɓarna.

Na ga na iya, sai na fita daga shafin gwaji na shiga shafi na gaske, na ƙara jimla biyu a kan Kwalejin Katsina: cewa Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, kuma daga baya aka mai da ta Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa ta yau. An koya mini cewa madogara ana sa ta tsakanin <ref> da </ref>, na biyun da 'yar sanda a jirkice, alamar rufewa. Na buɗe, na rubuta sunan littafi, aka kira magariba, na danna wallafa na tashi.

Da na dawo daga masallaci, sakin layi biyu na aikin wasu sun ɓace daga shafin, ga wani jan rubutu na gargaɗi. Gabana ya faɗi. Abin da na ji tsoro tun ranar farko shi ne ya faru, kuma a bainar jama'a. Na ɗauki waya na rubuta ban haƙuri mai tsawo, na ce in akwai hukunci na amince.

Malama ta amsa cikin minti kaɗan. "Baba, kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓace. Ka buɗe ƙofa ne ba ka rufe ba, sai ta haɗiye abin da ke bayanta. Danna inda aka rubuta tarihi." Na danna. Ga jerin duk wanda ya taɓa shafin, da rana da lokaci, kowane gyara a ajiye, nawa a sama. Tana iya gyarawa da kanta cikin ƙiftawar ido, amma ba ta yi ba. Ta jira ni na nemo wurin, na sa </ref> da hannuna. Sakin layin nan biyu suka dawo. Mutum uku a zauren suka ba da labarin ranar da su ma suka yi irin wannan.

Na kasa barci da wuri. Tunanin wani yaro nake, ɗan aji uku, shekaru da yawa baya, da ya kifar da tawada a kan rajistar aji. Na yi masa bulala shida a gaban 'yan'uwansa. Daga ranar bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba, ni kuma a lokacin na ɗauka ladabi ya koya. Sunansa na nan a raina, da inda yake zama, kusa da taga. Allah ya yafe mana.

Litinin

Mahaifina ya yi aikin ɗiban ruwa a kwalejin nan yana saurayi, kuma ya ba ni labarai da yawa: yadda ɗalibai suke zama, abin da suke ci, yadda ake wasan ƙwallon bango da hannu. Na rubuta sakin layi guda daga abin da ya faɗa mini. Wannan karon a shafin gwaji na sa, na nemi a duba.

Aka ce ba zai shiga ba, sai da madogara da aka wallafa. Abin ya sosa mini rai. Na ce mahaifina da idonsa ya gani, wane littafi ne ya fi wannan? Malama ta ce, "Gaskiya ne, Baba, kuma ba wanda ya ƙaryata shi. Amma mai karatu a Damagaram bai san shi ba, ba shi da hanyar tabbatarwa. In aka buɗe wannan ƙofa, mai gaskiya da maƙaryaci duk ta nan za su shigo." Na gane hujjarta, na kuma yarda da ita a kan wannan shafi. Amma har yanzu ina ganin akwai asara babba a nan, don yawancin abin da Bahaushe ya sani a baki yake, kuma masu bakin suna ta tafiya.

Ta ba ni shawara biyu. In duba littafin Sardauna, My Life, na 1962, tunda shi ma a kwalejin ya yi karatu, kamar Tafawa Ɓalewa, kuma ya yi bayanin zamansa a can. Abin da ya dace da na mahaifina, in kafa hujja da littafin. Sauran kuma in buɗe masa fayil nasa daban, in rubuta shi duka, kada in rage komai.

Laraba

Littafin yana wurin wani abokina, na aro. Fayil ɗin kuma na buɗe shi, ya kai shafi huɗu. Jikata takan zauna gefena tana karantawa, ita ce ma ta kama ni na bar ƙugiya a "ɗalibai" sau biyu. Na koyi danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi, saboda wuta.

An nuna mini yadda ake sa hannu a shafin tattaunawa: wata alama mai kama da madda ta rubutun Larabci, guda huɗu a jere, ~~~~, sai sunanka da lokaci su fito da kansu. Na yi amfani da ita na gode wa malama a shafinta.

Alhamis

Jimlolina uku yanzu suna cikin shafin kwalejin, kowace da madogararta a buɗe a rufe. Mutumin Damagaram ya gyara mini waƙafi ɗaya, ya bar saƙo cewa ya ji daɗin karantawa.

Tsohon ginin kwalejin yana nan cikin gari, an mai da shi gidan tarihi. An ce akwai rumbun hotuna, Wikimedia Commons, inda mutum zai ɗora hoton da ya ɗauka da kansa kowa ya amfana. Matashin Kano ya ce Asabar da dare zai koya mini ɗorawa. Gobe bayan an sauko daga masallaci zan ɗauki jikata mu je, ita ta riƙe wayar, don hannunta ya fi nawa tsayawa. Zan nemi izinin masu kula da wurin tukuna, sannan in tambaye su ko sun san inda mahaifina yake ɗiban ruwa a da.