Haƙoran Giya a Zauren Malam

Duk wanda ya san Birnin Zazzau ya san Limancin Kona da karatu aka san ta. Zaurukanta na littattafai ne da buzu da tawada, kuma yaron da ya tashi a nan, ko bai yi nisa ba, ya san bambancin Ahalari da Ishmawi. Don haka ba mu yi mamaki ba da maƙwabta suka riƙa leƙowa suna kama baki, ganin zauren da kakanmu ya shekara yana ba da karatu ya cika da warin kananzir, ga ƙarafa birjik a kan tabarma. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Ikon Allah! 'Ya'yan Malam, gareji kuka buɗe?"

Abin da ya kai mu ga haka ita ce 'yar taraktar marigayi mahaifinmu, irin mai ƙafa biyun nan da mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙahonninta, ƙirar ƙasar Sin. Injinta ɗan'uwan injin niƙa ne, mai shan gas, mai tukunyar ruwa a ka. Hannu na biyu ya saye ta, a zamanin da shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya sa jama'a suka dawo da hankalinsu kan noman rani. Da ita muke kaftun wata fadama a bakin Galma, kuma fadamar ba tamu ba ce, aro ce. Mai ita ya riga ya aiko cewa in ba za mu iya bana ba, akwai mai so. Kuɗin hayar babbar tarakta kuwa, tun da gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, aka kuma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya fi ƙarfin gida irin namu. Tumatir da albasar wannan fadama su ne kuɗin makarantar ƙannenmu.

Injin lafiyarsa lau. Giyabos ne ya ƙi. Da an sa giya ta biyu, garma ta kama ƙasa, sai ta fice da kanta, ga wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Yayanmu babba ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, kowa ya huta. Inna ba ta ce masa komai ba, sai ta juyo wajenmu ta ce, "Ku dai buɗe cikinta ku gani tukuna. Ba a yi wa mai rai sallar gawa."

Akwai wani tsohon bakanike a Tudun Wada, abokin mahaifinmu, wanda ya yi zamanin manyan taraktocin gwamnati. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, amma ya yarda ya riƙa zuwa bayan La'asar ya zauna a kujera, mu kuma mu zama hannayensa. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk abin da aka cire, a ajiye shi a jere yadda ya fito, a kuma zana shi a takarda kafin a taɓa na gaba. Littafin da ya zo da na'urar ya daɗe da ɓata, kuma ko yana nan, ba da harshenmu aka rubuta shi ba.

Da muka kwance notin ƙasa, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar kunun kanwa. Baba ya sa yatsa ya murza, ya ce a kawo maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo. Muka tsoma, ya fito da gashin garin ƙarfe. Daga nan ya karanto mana tarihin ciwon kamar yana wurin aka yi. Robar da ke tare mai a gindin ƙafa ce ta fara mutuwa, ruwan fadama ya samu hanya, ya gauraya da mai. Mai ya daina aikinsa, tsatsa ta ci boris, boris ya saki sandar da giyoyi ke kai, sanda ta fara lilo. Da ta fara lilo, haƙoran giya suka daina haɗuwa sosai, sai baki da baki, har suka cinye juna. Wato robar da kuɗinta bai kai na buhun taki ba ita ta jawo wannan ɓarna duka, kuma a hankali ta yi ta, shekara da shekaru.

Boris bai ba mu wahala ba, kuma a nan muka koyi abin da ya ba mu sha'awa. Ashe lambar da ke jikinsa harshe ce da duniya duka ta yarda da shi. In ka ga 6205, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar, ramin cikinsa milimita 25 ke nan, faɗinsa na waje 52, ko a Jamus aka ƙera shi ko a Japan ko a Sin. Muka rubuta lambobin, muka je Sabon Gari, kafin Azahar mun dawo da su. Baba ya hana a buga su da guduma. Cewa ya yi a ɗumama su a cikin mai a kan murhun Inna, ƙarfe ya buɗe, su zame kan sanda salin-alin.

Giyar da ta cinye ita ta kusa raba mu. Wani mai walda ya ce zai cike haƙoran ya goge su da zarto, kwana ɗaya ya isa, kuma yayanmu ya goyi bayansa saboda araha. Baba ya girgiza kai. Ya ce haƙorin giya fatarsa ce kawai mai tauri, cikinsa da taushi aka bar shi don ya jure duka, kuma wutar walda na kashe wannan tauri. Za ta yi aiki mako biyu, sannan ta karye a tsakiyar gona, ɓaraguzan su bi sauran giyoyin su lalata. Muka ƙirga haƙoranta, muka auna, muka naɗe ta a tsumma, muka hau mota zuwa Panteka a Kaduna.

Wanda bai taɓa shiga Panteka ba bai san yawan ƙarfen da ƙasar nan ta binne ba. A nan za ka ga ƙasusuwan shirye-shiryen da muka ji a rediyo muna yara: na Ciyar da Ƙasa na 1976, da Juyin Noma na zamanin Shagari a 1980, lokacin da ake harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano. Da tsarin SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka gagari ma'aikatun gona, sai aka riƙa yanka tarakta uku don a tayar da ɗaya. A ganinmu ba ƙarfen ne ya gaza ba. An yi ta sayen sabuwa ne saboda sayen sabuwa ake yi wa biki, a kira 'yan jarida, gyara kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Sai a zuwa na biyu muka dace da gawar wata irin tamu, injinta ya fashe amma cikinta da sauran rai. Muka sayi giyar da abokiyar cizonta tare, domin Baba ya ce sabon haƙori da tsoho ba sa zaman lafiya.

Haɗawa ta ɗauki kwana huɗu. Gasket da kwalin tsohuwar kalanda muka yanka, muna ɗora shi a bakin kaskon muna ƙwanƙwasa gefe a hankali har siffar ta fito. Inda sanda ke wasa muka cike da siraran washa da muka yanko daga gwangwanin madara. Don a ga ko haƙora na haɗuwa daidai, bular wanki aka kwaɓa da ɗan mai aka shafa, aka juya da hannu, Baba ya kawo fuskarsa dab yana duba inda shuɗin ya goge. Sau uku yana cewa a sake. Ɗan ƙarfen nan mai tura giya, wanda yaran gidanmu suka raɗa wa suna cokali mai yatsu, shi kaɗai aka kai wa mai walda, aka kuma canza ɗan sifirin da ke riƙe shi.

'Yan'uwa marubuta, ga inda abin ya shafe mu. Takardun da muka zana sun kai shafi talatin, kuma rabin sunayen da ke ciki mu muka ƙirƙira, domin abin da Baba ke kira da Turancin gareji ba mu san yadda ake rubuta shi ba. A garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, garin da ke da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a gefensa, mun zaga shagunan littattafai ba mu samu ko ɗan ƙaramin littafi na Hausa da zai nuna wa manomi yadda ake canza robar mai ba. Na soyayya kam ga su nan, kuma ba mu raina su ba, mu ma mun taɓa. Amma ilimin da ke kan Baba ba shi da kwafi na biyu, kuma ya haura saba'in.

Mun zuba man giya mai lamba 90, muka tura ta waje ta Ƙofar Kona da sassafe, yara na bin mu. Giya ta biyu ta zauna, gurnanin ya tafi. Mun makara da kusan mako biyu, saboda haka albasa kaɗai muka samu dasawa, tumatir ya wuce mu bana. Mai fadama ya bar mana ita. Ƙafar hagu har yanzu tana ɗan tsattsafo da mai, kuma Baba ya ce kada mu sake ta shiga ruwa sai an samo robar da ta dace. Shafukan nan talatin suna hannun ƙanwarmu, tana juyar da su da kyakkyawan rubutu, duk Juma'a kuma tana kai masa ya gyara sunayen.