Kumburin Jego

Kwana ashirin da haihuwar Yaya, takalmanta suka daina shiga ƙafarta. Inna ta duba, ta ce kumburin jego ne, ruwan zafi zai sauke shi. Ni kuwa, da sabon digirina na tarihi, na yi shiru, domin sanina bai wuce nata ba.

Sannu a hankali barci ya gagare ta. Da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, ta zabura tana tari. Ta ƙara matashin kai ya zama biyu, ya zama uku, har ta koma kwana a zaune, jingine da bango. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya haki sau biyu. Muka ce gajiyar raino ce.

Ranar da muka kai ta asibitin koyarwa, likitan zuciya ya danna yatsa a ƙaurinta, gurbin ya daɗe bai cike ba. Ya ɗora mata na'urar eko a ƙirji, muka ga zuciyar a allo, ta buɗe, tana bugawa a kasalance. Ya bayyana mana cewa lafiyayyar zuciya kan tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, amma ta Yaya kashi 30 cikin 100 kawai take iyawa. Shi ya sa jini ke cunkushewa, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Wannan ita ce gazawar zuciya, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura tana yawan kama masu jego a ƙasar Hausa.

Ya juya ga Inna cikin ladabi ya ce, "Hajiya, a dakata da kunun kanwa, a rage gishiri, su ke riƙe ruwa a jiki." Inna ta sunkuyar da kai. Da hannunta take dama kunun nan kullum, don ƙaunar 'yarta.

Aka ba Yaya maganin fitar da ruwa da na rage wa zuciya nauyi, aka ce ta riƙa auna nauyinta kowace safiya, kada kuma ta ɗauki wani ciki sai likita ya sake dubawa. Bayan wata shida ta koma matashi ɗaya.

Kwanakin baya maƙwabciyarmu ta haihu. Na ga Inna ta durƙusa, ta danna mata yatsa a ƙauri, ta tsaya tana kallon gurbin.