Rumbun Jira da Muryar Kaka

A wani gida da ke unguwar Birni a Damagaram, wani ɗalibin ilimin harshe ya zauna gaban kakarsa da ƙanwarta domin ya naɗi hirarsu. Tsofaffin sun manyanta ƙwarai, kuma a bakinsu akwai kalmomin da jikoki ba su gada ba. Ya ba kowacce makirufo, kowane makirufo da nasa akwatin sauti na USB, duka biyun a jikin kwamfuta mai aiki da Linux. Manhajar JACK ce ke raba sautin, Ardour kuma tana naɗa.

Da dare ya saurari abin da ya naɗa, sai jikinsa ya yi sanyi. Can da can sautin yana yin ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ɗaya daga cikin waɗannan giɓɓan ya faɗa a tsakiyar kalmar "gari". Wanda ya san Hausa ya san cewa tsawon wasalin farko kaɗai ke raba garin zama da garin tuwo, domin karin sautinsu ɗaya ne. Giɓin ya cinye daidai shaidar da ya zo nema.

Laifin farko na wurin bafa, wato ɗan rumbun da sauti ke taruwa a ciki kafin kwamfuta ta kwashe. Ɗalibin ya sa samfuri 128 a kowane zango, zango 2, a kan samfuri 48,000 a daƙiƙa. Jinkirin bai kai milisakan 6 ba. Wannan gaggawa ta dace da makaɗin da ke son jin kiɗansa nan take, amma tsohuwar kwamfuta ba ta iya zuwa kan kari kullum. Duk sanda ta makara, rumbun ya cika ya zube, abin da JACK ke kira xrun. Sai ya buɗe QjackCtl ya mayar da shi samfuri 1,024, zango 3, kamar yadda aka saba ba na'urorin USB zango uku. Jinkiri ya zama milisakan 64, wanda ba ya cutar da mai naɗar hira da komai.

Laifi na biyu ya fi ɓoyuwa. Kowane akwati da agogonsa. Duka biyun suna da'awar 48,000, amma ba a taɓa samun agogo biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Ko da bambancin samfuri 2 ne a daƙiƙa, cikin awa guda ya zama 7,200, wato milisakan 150. Girman rumbu ba ya maganin wannan, jinkirta ɓarnar kawai yake yi. JACK agogo ɗaya yake bi, saboda haka dole ɗayan akwatin ya zama mabiyi. Ya bar na kakar a matsayin jagora, ya shigo da na ƙanwarta ta hanyar zita-a2j, ƙaramar manhajar Fons Adriaensen mai daidaita saurin akwati na biyu da na farko. Shi ma wannan akwati ya ba shi rumbu wadatacce. Sannan ya bar na'urorin suna naɗar shiru har awa guda, ma'aunin giɓi bai motsa daga sifiri ba.

Washegari ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi a sake.

"Kai maigida," in ji ta cikin wasan jika da kaka, "jiya kunnenka ne ya toshe ko na ƙarfen naka?"

"Na ƙarfen ne, Iya. Na gyara shi."

Ba ta maimaita labarin yadda ta faɗe shi jiya ba, domin baki ba ya bin sawunsa sau biyu, kuma wasu kalmomin sun tafi ke nan. Amma ta sake bi ta kan shekarar yunwar da take ba da labari, kalmar ta fito sarai da dogon wasalinta. Garin tuwo take nufi.