Neman Ɗumi A Mota Marar Rufi

A cikin al'amuran Turawa da na daɗe ina juyawa a zuciyata har da sha'anin waɗansu tsofaffin motoci na gudu, 'yan ƙanana, waɗanda ake naɗe rufinsu na tamfol a ajiye a baya. Masu su ba su haƙuri su jira lokacin zafi. A Jamus ko Ingila, ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat, mutum zai fito da motarsa kai a buɗe, sa'an nan kuma yana son ya ji ɗumi. Ni mutumin ofis ne, na saba da littafin kuɗi, inda kome yake da gefe biyu, na shiga da na fita. Da wannan ido na dubi maganar, gama ɗumi ma dukiya ne, yana da mashiga, yana da mafita.

Bari mu fara da mashiga. Yawancin motoci da ruwa ake sanyaya injinsu. Ruwan nan in ya yi zafi sai a karkato kaɗan daga cikinsa zuwa wani ɗan lagireto a gaban direba, fanka ta hura, ɗumi ya cika mota. Amma irin motocin da nake magana ba su da ruwa ko ɗigo. Injin yana baya, fanka ce ke hura masa iska. Haka Ferdinand Porsche ya tsara Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, haka kuma aka ci gaba a Karmann Ghia, da Porsche 356, da 911 har 1998. Dabarar tana da kyau ga ƙasar sanyi, domin inda babu ruwa babu abin da zai daskare ya fasa inji da dare. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: ruwan da aka huta da shi, shi ne mai kawo ɗumi.

To, ina mafita? Da fari sai suka riƙa tura iskar da ta riga ta ratsa jikin injin zuwa cikin mota, ta iso da warin mai da ƙauri. Daga 1963 Volkswagen ta sake dabara, aka yi wa bututun hayaƙi riga ta ƙarfe, iska mai tsabta tana bi tsakanin rigar da bututun, ta ɗauki zafi ba tare da ta gauraya da hayaƙi ba. Amma bel ɗin inji ne ke juya fankar, saboda haka in mota tana gudu ƙwarai ɗumi ya yi yawa, in ta tsaya a cunkoso ya kusa ƙarewa. Ga kuma nisa, daga baya har ƙafar direba, ta cikin wata hanya a ƙarƙashin ƙofa, wadda tsatsa ke son ci. Kamar haraji ne da ya bi ta hannu da yawa, abin da ya isa baitulmali bai kai abin da aka karɓa ba.

A nan ne kuma haɗarin yake, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tsakanin iskar da mutum ke shaƙa da hayaƙin injin, ƙarfe ɗaya ne kawai, ƙarfen kuwa ya shekara hamsin ko sittin yana shan wuta da damshi. In ya huje, wata guba da ake kira kabon monoksaid za ta biyo ɗumin. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mu ma mun san ta, ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe cikin hunturu. Takan fara da ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, ga mutum kuwa riƙe da sitiyari. Kada a ce ai motar a buɗe take. Ran da sanyi ya tsananta, ranar ce ake jawo tamfol a rufe, a buɗe ɗumi har ƙarshe. Garin neman gira kada a rasa ido.

Hanya ta biyu ita ce murhu na musamman mai ƙona fetur, irin na kamfanin Eberspächer na Jamus. Yana shan mai daga tankin motar, bai kai lita guda a sa'a ba, yana ba da zafi nan da nan ko injin bai ɗumama ba. Chevrolet Corvair ta Amurka ta 1960 da irinsa ta fito, a akwatin kaya na gaba. Ba shakka ya fi na farko ƙarfi. Amma wuta ce ke ci kusa da fetur, in ya tsufa kuwa, robar mai ta tsage, ko wayarsa ta lalace, sai ƙwararren bakanike ya duba shi kafin a kunna.

Hanya ta uku lantarki. Nan lissafi ya fi sauƙi. Kafin 1967 yawancin Volkswagen masu volt 6 ne, dainamonsu bai kai wat 300 ba, alhali dutsen guga na gida yana cin wat 1,000 ko fiye. Wanda albashinsa bai kai wannan ba, ba ya ɗaukar wannan hidima. Abin da lantarkin motar ke iya ɗauka, musamman mai volt 12, shi ne ɗan shimfiɗin kujera mai ɗumi, ko riga mai waya a ciki, masu cin wat 50 ko kusa da haka.

Yanzu sai gefen fita, wanda mutane suka fi mantawa. Porsche 356 Speedster, wadda aka fito da ita a 1954 bisa shawarar Max Hoffman, dillalin motoci na birnin New York, gilashin gabanta gajere ne, tagoginta kuwa labule ne da ake maƙalawa. Ta fi dacewa da ƙasar rana irin Kalifoniya. Duk ɗumin da aka hura a cikinta iska ke kwashewa, kamar mai zuba ruwa a rariya. Na taɓa hawa bayan babbar mota da asuba cikin hunturu, na kuma lura cewa waɗanda suka fi samun sauƙi su ne suka fake a bayan buhuna, suka naɗe kai da kunne, suka cusa ƙafa cikin bargo. Ba wanda ya yi tunanin ɗumama sararin Allah.

Masu motocin nan da suka ƙware, abin da suke yi ke nan. Suna shimfiɗa wani tamfol mai zif a kan kujerar da babu kowa, ya zo har ƙugun direba, sai ɗan ɗumin injin ya taru a ƙafafu. Suna kafa raga a bayan kujera, domin a buɗaɗɗiyar mota iska takan kewayo ne ta bugi ƙeya. Sa'an nan ga hula mai rufe kunne, ga safar hannu, ga rigar fata.

Abin da lissafina ya ba ni shi ne, toshe mafita ya fi ƙara mashiga araha, ya kuma fi aminci. Mai irin wannan mota ya ɗumama jikinsa, ya bar iska da halinta. In kuwa zai yi amfani da ɗumin inji, to, a duba bututun hayaƙi kowace shekara kafin sanyi ya shigo, a ajiye ɗan na'urar nan mai ƙara in ta ji gubar, a kuma bar kafar da iska za ta shiga. Sanyi yakan wuce da shayi mai zafi da bargo, amma barcin da hayaƙi ya kawo ba kullum ake tashi daga gare shi ba. Allah ya kiyashe mu, amin.