Ruwan Zafi a Zangon Kumasi

Matafiyin da ya biyo hanyar arewa zuwa Kumasi, ya ratsa Tamale da Kintampo da Techiman, yakan ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa. Jar ƙasa da kaɗanya suna ƙarewa, kurmi yana farawa, har mota ta shigo ta Suwame, unguwar maƙera da kanikawa, ta gangara wajen kasuwar Kejetiya. Daga nan ba a yin nisa kunne yake fara jin Hausa. An iso Zango ke nan.

Fataken goro na dā a Salaga suke yada zango. Yaƙin basasar da ya ci garin a 1892 ya watsa su, kuma bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, suka murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, sai baƙi daga arewa suka yi ta kwararowa birnin Asantawa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, ciniki ya buɗe. Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Fulani da Zabarmawa suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Yau Zango ya wuce unguwa ɗaya: akwai Tsohon Zango, da Sabon Zango, da Aboabo, da Asawase, da Sawaba, kowace da masallatanta da makarantunta da masu kokonta.

Mun sauka a lokacin hunturu. Mutumin Maraɗi ko na Zariya zai yi murmushi in ya ji ana kiran wannan sanyi, domin da ƙyar ma'auni yake sauka ƙasa da digiri 20 da asuba. To, amma jikin da ya saba da gumi da laima nasa ma'aunin daban ne, kuma ban da hunturu akwai watannin Yuli da Agusta, lokacin da gajimare kan rufe rana kwana da kwanaki. Kafin kiran salla na farko gari ya riga ya motsa. Hayaƙin gawayi yana tashi daga kurfoti a ƙofar ɗakuna, mai koko ta ɗora tukunya, ana jin ƙarar bokiti a bakin famfo. Tsofaffi suna neman ruwan ɗumi na alwala, yara 'yan makaranta suna layin wanka, mai jego tana jiran nata. Ruwan da kansa daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, ko daga rijiyar burtsatse ta unguwa. Ɗumama shi kuwa aikin kowane ɗaki ne, kuma a nan ne magana take.

Yawancin gidajen Zango gidajen haya ne irin na taro: ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida, banɗaki ɗaya ko biyu, iyalai takwas ko goma ko fiye. A gidaje da yawa mitar wuta ɗaya ce ta haɗa kowa. A gidan da aka sauke mu, lissafin maki ake yi: a ƙirga ƙwan fitila da fanka da talabijin da firji na kowane ɗaki, a ba kowane kaya makinsa, a raba kuɗin wata a kan haka. Tsari ne na zaman lafiya, kuma ya daɗe yana aiki. Raunin da yake da shi guda ɗaya ne, wato kayan da ido yake gani ake ƙirgawa. Firji ba ya ɓoyuwa, talabijin tana da murya. Hitar bokiti kuwa, wannan ƙaramin ƙarfe mai murɗe da ake tsomawa cikin ruwa, cikin akwati take kwana, ta fito da duku-duku, ta koma kafin gari ya waye.

Mai masaukinmu, dattijon da ke riƙe da littafin lissafin gidan, ya ce mana kowace shekara in hunturu ya kama sai kuɗin da aka zuba wa mita ya ƙare kafin lokacinsa, a shiga kallon-kallo. Wata tsohuwa da ke ɗakin ƙurya ta tanka daga inda take zaune: “Alhaji, ni fa ƙwan fitila ɗaya gare ni da rediyo. Ruwana a gawayi nake dafawa, ka sani.” Ya ce: “Na sani, Inna, ba da ke ake ba.” Amma da ita ake, tun da in an ƙara kuɗi a kan kowa ake ƙarawa.

Domin a gane girman abin, sai an yi ɗan lissafi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Abin da mita take ƙirgawa shi ne yunit, wato wat 1,000 na tsawon awa guda. Ruwa kuwa yana da taurin kai wajen ɗaukar zafi. Bokiti mai lita 20, in ana so a ɗaga shi daga digiri 25 zuwa 40, daidai wankan da jiki zai ji daɗi, yana cin kusan kashi ɗaya bisa uku na yunit. Hita mai wat 1,500 tana gama wannan aiki cikin kamar minti 14. Wutar da ta sha a wannan ɗan lokaci za ta riƙe ƙwan fitila na zamani mai wat 10 har awa 35. Iyali mai mutum shida, kowa bokiti ɗaya a rana, sun sha yunit sama da 60 a wata a kan wanka kaɗai. In kuma an tsoma hita an tafi wata hidima har bokitin ya tafasa, an ci yunit ɗaya da kashi uku bisa huɗu, wato ninki biyar na abin da ake bukata, sannan a zauna jiran ya huce.

Wasu sukan tambaya, tafasa ruwa kaɗan a sirka da na sanyi ya fi sauƙi, ko ɗumama bokitin gaba ɗaya? Lita 4 na tafasasshe a kan lita 16 na famfo suna ba da digiri 40, kuma wutar da aka sha daidai take da ta farko. Ba a sirki ake asara ba. Ana asara ne a ruwan da aka bari yana ta tafasa, da wanda aka ɗumama ya yi yawa, da wanda aka bari a buɗe ya huce kafin mai shi ya shiga banɗaki. Saboda haka butar lantarki mai kashe kanta ta fi hitar bokiti a ganinmu, domin ba ta mantuwa, kuma tana da murfi.

Abin da ya ƙara wa gidan taro nauyi shi ne tsarin farashi. Hukumar da ke yanke kuɗin wuta da ruwa a Gana, wadda aka kafa a 1997, ta ware farashi mai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. A dā gidan da bai wuce yunit 50 a wata ba ne ke samunsa, a 2022 aka rage zuwa yunit 30. Wanda ya haura 30 ya fita daga rangwame, wanda ya haura 300 farashinsa ya ƙara hawa. Mita ba ta san iyali nawa ne a bayanta ba. Ɗakuna goma da kowannensu zai cancanci rangwame da yana da tasa, in aka haɗa su sai su zama tamkar gidan attajiri guda. Ashe hitar ɗaki ɗaya tana iya tsadantar da fitilar kowane ɗaki. Wannan ne dalilin da ya sa mai hali yake neman mitar kansa daga kamfanin ECG, wanda bai samu ba kuma ya saka ƙaramar mita ta cikin gida, mai nuna abin da kowane ɗaki ya sha. Kuɗin ƙaramar mitar bai kai kuɗin gaba tsakanin maƙwabta ba.

A sababbin gidajen da 'yan Zango suke ginawa wajen Asokore Mampong, da ɗakunan sauka na baƙi, wata hitar ce ake gani: tanki fari maƙale a bangon banɗaki, mai lita 30 ko 50 ko 80. Shi wannan mai natsuwa ne, ba ya ƙara, shi ya sa ake mantawa da shi. Tanki mai lita 50 yana cin kusan yunit 2 kafin ya kai digiri 60. Bayan haka, ko ba a buɗe famfo ba, zafi yana sulalewa ta jikinsa da ta bututu, shi kuma yana ta kunna kansa yana cike gurbi. Asarar takan kai kusan yunit guda a yini, wato a wata ta kusa cinye dukkan abin da aka ware wa mai rangwame, ba tare da kowa ya yi wanka ba. Maganin yana jikin bango: a kunna kamar awa guda kafin wanka, a kashe in an gama. Mai tafiya Tamale ko Akara na kwana biyu ya kashe kafin ya kulle ƙofa. Ma'aunin zafinsa a tsayar a 60. Abin da ya haura haka ɓarna ne da haɗarin ƙuna ga yara, in kuma aka bar ruwa yana kwana da ɗumi-ɗumi ƙasa da haka, akwai ƙwayar cutar huhu da ke samun wurin hayayyafa. Mai shirin saye ya duba takardar taurari da ke manne. Hukumar Makamashi ta Gana ta fara wannan alama a 2005 da na'urar sanyaya ɗaki da ƙwan fitila, dokokin 2022 suka faɗaɗa ta zuwa kayan gida da yawa, har da tankin ruwan zafi da butar lantarki.

Akwai kuma mai ɗumama ruwa nan take a kan shawa. Ba ta tara ruwa, don haka ba ta asarar jira, kuma wankan minti biyar da mai wat 3,500 bai kai kashi ɗaya bisa uku na yunit ba. Sai dai tana jan wuta da ƙarfi fiye da abin da soket na ɗaki zai ɗauka, tana bukatar wayarta ta daban da wayar ƙasa, a hannun mai gyaran wuta mai lasisi. Tsofaffin gidajen Zango da aka ja wa waya tun zamanin da fitila da rediyo ne kaɗai kayan wuta ba su dace da ita ba sai an sake wayar. Hitar bokiti ma tana da nata sharaɗin da ya kamata kowane yaro ya haddace: ba a taɓa ruwa sai an zare ta daga soket.

Ba za a yi zancen ruwan zafi a gidan Bahaushe a tsallake wankan jego ba. Kwana arba'in, safe da yamma, babbar tukunya da ganyen darbejiya ko na tsamiya. In aka ce da lantarki za a tafasa lita 40 sau biyu a rana, yunit 7 ke nan kullum, 280 kafin arba'in. Babu littafin maki da zai ɗauki wannan, shi ya sa itace da gawayi suke riƙe da aikin har yanzu. Mun lura matan yanzu da yawa sun rage yawan ruwan da zafinsa, kuma muna ganin sun yi daidai. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Kakanni mata su yi mana haƙuri, ruwan da hannu zai iya jurewa ya wadatar.

Mutanen Kumasi sun san darajar wuta da wahala. Madatsar Akosombo, da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1966, ta ɗauki ƙasar shekara da shekaru, amma duk lokacin da ruwan tafkin Volta ya ja baya sai duhu ya sauka, kamar a 1983 da 1998 da 2007. A 2007 ɗin ne gwamnati ta raba ƙwan fitila mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta. Daga 2012 zuwa 2016 aka sha abin da Asantawa suka raɗa wa suna dumso, wato kashe-kunna. An ƙara madatsar Bui a 2013, a 2024 kuma aka buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas a Anwomaso, nan gefen Kumasi. Wutar gas ta fi ta ruwa tsada, kuma wannan tsada a mita take sauka. Abin lura shi ne fitilu sun yi sauƙi ƙwarai tun 2007, amma zafi bai yi ba. Babu dabarar da za ta sa ƙarfen hita ya ɗumama lita 20 da ƙasa da abin da muka lissafa. Abin da ke hannun mutum shi ne yawan litar da tsawon jiran.

Ta fuskar lita, alwala ba ta cin komai. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, wanda bai cika lita ba. Wata Hajiya a Aboabo ta nuna mana yadda take yi wa maigidanta: ta tafasa ruwa sau ɗaya da dare lokacin shayi, ta cika fulas, da asuba ta tsiyaya kaɗan a buta ta sirka. Ba a kunna komai, ba a tashi kowa.

Rana ma tana aiki, ko da yake ranar Kumasi ba ta kai ta Tamale ko Damagaram ƙarfi ba. Jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, tun ƙarancin ruwan zamanin mulkinsa, in aka cika ɗaya aka rufe ta da baƙar leda aka ajiye inda rana take bugu daga hantsi, kafin la'asar ta isa wankan yara na yamma. Wankan asuba ne ba ta kaiwa, sai an naɗe ta da tsohon bargo an shigar da ita ɗaki tun kafin magariba.